HAKIN BAKIN HANYA: TARIHIN ZAMANMU DA SHI A ƘASAR FARU DA MAƘWABTANTA

Duk wanda ya saba bin hanyoyin da suka haɗa Faru da Maradun da Talata Mafara da Bakura ya san kamannin da suke ɗauka idan marka ta sauka. Tafasa da rai-ɗore kan taso har su kai ƙirjin mutum, su rufe kafaɗar hanya, su toshe magudanan ruwa, ta yadda mai babur ba ya hango abin da ke gabansa a kan kwana, mai tafiya ƙasa kuma tilas ya hau tsakiyar hanya ya yi gogayya da motoci. Idan kaka ta yi hakin ya bushe, sai wani ya cinna masa wuta, a wayi gari ƙasa ta koma tsirara, ruwan farko na baɗi ya zo ya zaizaye ta. Da yawa daga cikin matasanmu sun ɗauka haka abin yake tun fil azal. Tarihi kuwa ya nuna akwai lokacin da kowane taƙi na bakin hanya yake da mai kula da shi, kuma hakin da ke wurin yana da sunansa da amfaninsa. A wannan maƙala za mu bi diddigin yadda muka rabu da wancan tsari, da abin da ya maye gurbinsa, da kuma yadda masana na zamani suka zagayo suka dawo kusa da inda kakanninmu suka tsaya.

Kafin zuwan mota

Faru tsohon gari ne da ke kan turbar mutane. Ya isa shaida a ce a cikin shekaru biyar ɗin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi yana karantarwa a ƙasar Zamfara, a Faru ya yi mafi yawansu, kuma daga nan ya tashi ya amsa kiran Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo zuwa Magami wajajen shekarar 1788. Garin da almajirai da fatake da mahaya dawaki ke shiga da fita a kullum ba zai rasa hanyoyi masu kyau ba, alhali a lokacin babu ma'aikatar ayyuka, babu ɗan kwangila, balle injin feshi.

Hanyoyin wancan zamani iri-iri ne. Akwai 'yar turbar ƙafa mai ratsa gonaki, akwai gwadaben fatake da jakuna, akwai kuma burtali wanda aka ware wa dabbobi domin su fita kiwo ko su gangara mashaya ba tare da sun yi ɓarna ba. Kowace daga cikinsu iyakar gonar wani ce, saboda haka gyaranta na kan wuyan wanda gonarsa ta taɓa ta. Burtali akan shinge shi da aguwa, itaciyar nan mai farin ruwa wadda dabba ba ta ci, wadda kuma reshenta kawai ake yankowa a kafa da rani ta kama. A iyakar gonar tudu akan bar gamba ta yi jeri, a fadama kuwa jema ake bari. Dukansu biyu ciyayi ne masu daɗewa, saiwarsu ba ta mutuwa da rani, don haka da yayyafin farko suke farfaɗowa su riga kowane haki kama wuri. Inda gamba ta kafu, ƙarangiya da kashin-yawo ba su samun fili.

Abin lura shi ne ba don ƙawa ake barin waɗannan ciyayi ba. Da gamba ake saƙa zana, da ita ake danne rumbu da shingen gida, kuma mutum kan sayar da ita a kasuwa kamar yadda yake sayar da hatsi. Shifci na zuwa jinka. Ƙyasuwa da harƙiya da guɗe-guɗe kuwa yara ke yanko su da lauje kowace yamma saboda doki da ragon layya da awakin mata. Wannan yanka na kullum shi ne babban maganin, domin hakin da aka yanke kafin ya yi 'ya'ya ba ya barin iri a ƙasa. Ita kanta tafasar da muke kuka da ita yanzu, tun tana ɗanya mata ke tsinke ta su yi kwaɗo, kuma a shekarun yunwa, kamar Kakalaba ta 1914 da farin 1973, ita da 'ya'yan ƙarangiya sun riƙe rayuka masu yawa a ƙasar Hausa.

A cikin gona ma hikimar ɗaya ce, wato kada a bar ƙasa a buɗe. Manomi kan shuka gero da dawa, bayan noman fari ya bi su da wake a gicci, irin waken nan mai yaɗo wanda kafin a yi maimai ya fara shimfiɗa, kafin a yanke gero ya rufe kunya ruf. A gefen gona da bayan gida kabewa da duma da guna suna yin irin wannan aiki. Ƙwayar haki mafi yawa tana bukatar haske da zafin rana kafin ta tsiro, wadda ta tsiro kuma tana bukatar rana ta girma, don haka ganyen da ya yi mata laima ya rage wa hauya rabin aikinta. Idan gona ta gaji akan bar ta saura na wasu shekaru, ko a yi yarjejeniya da Fulani su zauna a cikinta da rani shanu su zuba taki. Manoman da sun san cewa wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ƙasar da ta gaji take bi, kuma taki na korar ta. Ba su bayyana dalilin da harshen kimiyya ba, amma aikinsu ya dace da abin da kimiyya ta tabbatar daga baya.

Hanyar Gwamna

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, bukatarsu ta farko ita ce hanyar da za ta kai jami'ansu rangadi ta kuma fitar da auduga da gyaɗa da fatu. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau ya wuce Ƙaura Namoda a 1929, sai hanyar mota da ta taso daga Gusau ta bi ta Talata Mafara zuwa Sakkwato ta zama jijiyar wannan yanki, ƙananan hanyoyin En'e kuma suka riƙa rataya a jikinta. An faɗaɗa su, an miƙe su, an kankare gefensu, an haƙa musu lambatu. Da farko da aikin tilas aka yi wannan, inda hakimi zai aza wa dagaci adadin mutane, dagaci ya aza wa masu unguwanni. Daga baya aka samu leburorin hanya na dindindin, kowace ƙungiya da helumanta da zangon da aka yanka mata, suna sharewa da adda da shebur.

A nan ne, a ganinmu, aka samu sauyin da har yau muke ɗanɗana kuɗarsa. Hanya ta tashi daga zama iyakar gonar wane ta koma hanyar Gwamna. Mutumin da aka fitar daga gonarsa ana tsakiyar noma domin ya share wa motar Bature hanya ba zai taɓa kallon wannan aiki a matsayin nasa ba, kuma ɗansa ya gaji wannan kallo. Sannan salon gyaran ya saɓa wa na da. Wancan rufe ƙasa yake yi, wannan kuwa kankare ta yake. Ƙasar da aka tona aka bari a buɗe, ga ruwan da ke gangarowa daga kan hanya yana jiƙa ta, ga kashin dabbobin da ke wucewa, ita ce shimfiɗar da baƙin ciyayi ke nema. Masana tsirrai sun nuna cewa kashin-yawo da rai-ɗore da tafasa duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne, kuma a duk ƙasashen da suka shiga, bakin hanya da kufai da makwantar dabbobi suke fara kamawa. Sunan kashin-yawo ma ya faɗi halinsa, ƙayarsa na maƙale wa gashin tumaki da bakin wando ta yi tafiyar da ba ta biya kuɗin mota ba.

Duk da haka zamanin En'e ya bar mana abu ɗaya mai kyau da ya kamata a faɗa. Dogon yaro, wanda aka fara shigo da shi Nijeriya ta ƙasar Borno a 1928, an jera shi a bakin hanyoyin lardin Sakkwato tare da maɗaci. Duk inda jerin waɗannan itatuwa ya rage har yau, mai karatu zai lura hakin da ke ƙarƙashinsu gajere ne marar ƙarfi. Inuwa ce ke yin aikin da lebura goma za su yi. Abin takaici, faɗaɗa hanyoyi da gatarin masu itacen wuta sun cinye mafi yawansu.

Bakolori da kacalla

Babu abin da ya sauya fuskar ƙasarmu a ƙarni na ashirin kamar madatsar ruwa ta Bakolori. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina ta a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala a 1978 a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da nufin tara ruwa kimanin kubik mita miliyan 450 da shayar da kadada 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Labarin waɗanda ruwa ya tasa daga gidajensu aka kai su sabbin matsugunai, da rikicin diyya da ya ƙare da zubar da jinin manoma a watan Afrilun 1980, sananne ne ga kowa a nan, kuma yana da nasa muhallin. Abin da ya shafi maganarmu shi ne abin da katafila ta yi wa ƙasa.

Domin a shimfiɗa filin ban-ruwa, sai da aka baje gonaki, aka tumɓuke itatuwa, aka share iyakoki. Jerin gamba da jema da aguwa waɗanda suka yi shekaru aru-aru suna nuna inda gonar wane ta tsaya, sun tafi cikin 'yan watanni, kuma ɓacewarsu na daga cikin abin da ya sa rabon filaye daga baya ya zo da husuma, tunda shaidar da kowa ya yarda da ita ta gushe. A madadinsu aka samu dogayen hanyoyin ruwa da magudanai da hanyoyin mota na cikin aikin, dukansu da gaɓoɓin ƙasa tsirara, dukansu kuma mallakin Hukuma. Abin da ya faru da hanyar Gwamna ya sake faruwa, amma a wannan karo da ruwa a ciki rani da damina.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kacalla ciyawa ce da ke son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. A da fadamunmu kan cika da damina su bushe ƙarau da bazara, wannan bushewa kuwa ita ke hana ta yaɗuwa. Da aka samu magudanan da laka ta cike, ruwa ya kwanta a cikinsu shekara zagaye, sai kacalla ta samu gida. Tana toshe ruwa ya kasa isa gonakin da ke wutsiya, tana sa ya malala ya jiƙe wasu gonakin har kanwa ta taso, tana ba sauro mafaka, kuma a cikinta jan-baki ke kwana ya wayi gari a kan shinkafa. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga irin wannan bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, har dubban kadada na fadamarsu suka salwanta. Ƙona kacalla ba ya kashe ta, domin saiwarta na kwance a cikin laka, wuta na wucewa take tohowa. Abin da aka tabbatar yana karya ta shi ne a yanke ta ƙasa da saman ruwa yadda kututturen zai nutse ya kasa shan iska, a maimaita sau biyu ko uku, ko kuma a busar da wurin gaba ɗaya na wani lokaci. Wannan aikin hannu ne da na haɗin kai, shi ya sa da Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014 domin gyara Bakolori da wasu manyan ayyukan ban-ruwa na Arewa, aka aza share ƙananan hanyoyin ruwa a kan ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan. Bayan shekara talatin da 'yan kai, an dawo ga ƙa'idar burtali, wato wanda abu ya taɓa gonarsa shi ke gyara shi.

Zamanin feshi

Maganin kashe haki ya shigo mana a hankali. Shirin raya aikin gona na Gusau, ɗaya daga cikin uku na farko da Bankin Duniya ya tallafa a Nijeriya a 1975 tare da na Funtuwa da Gwambe, ya kawo takin zamani da iri da injin feshi na goyo, wanda da farko ƙwarin auduga ake kashewa da shi. Maganin haki bai zama ruwan dare ba sai da masu arha suka cika kasuwannin ƙauye daga shekarun 2000, a daidai lokacin da kuɗin ƙwadago ya hau, samari kuma suka raja'a ga acaɓa da haƙar zinariya da cirani. Ba za mu zargi manomi ba. Aikin da mutum biyar za su kwana uku suna yi da hauya, mutum ɗaya na gama shi kafin azahar da galan guda.

Sai dai abin da ya dace da cikin gona ba lallai ya dace da bakin hanya ba. Magungunan da aka fi fesawa a irin waɗannan wurare biyu ne. Akwai farakwat, wanda aka fi sani da sunan Gramoxone, mai ƙone duk koren ganyen da ya taɓa cikin yini ɗaya, da kuma gilaifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fitar a 1974, mai bin jikin tsiro har saiwa. Dukansu ba su bambanta haki mai amfani da marar amfani. Idan aka fesa, kiri-kiri da gamba da ke riƙe da kafaɗar hanya su ke fara tafiya, alhali 'ya'yan tafasa masu taurin ɓawo suna kwance a ƙasa, suna iya shekaru ba su lalace ba. Ruwa na sake sauka su tsiro ba abokin gasa. Kowace shekara aka fesa, shekara mai zuwa bukatar feshin ta ƙaru, ita kuma ƙasar da ba saiwar da ke riƙe da ita ruwa na yanka ta, zaizaya ta ci kafaɗa ta shiga ƙarƙashin kwalta. Yawancin ramukan da ke bakin kwalbatocinmu daga nan suka faro.

Ga kuma lafiyar mutane da dabbobi. Farakwat guba ce da ba ta da makari, kurɓa kaɗan na lalata huhu, ga shi kuwa yaranmu na fesa ta ba takalmi ba abin rufe hanci, a wanke galan ɗin a zuba ruwan sha ko man gyaɗa. Tarayyar Turai ta haramta ta tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da haramta ta a Nijeriya daga farkon 2024. Bakin hanya kuwa, kamar yadda kowa ya sani, shi ne burtalin da ya rage wa makiyayi bayan an nome na asali, kuma nan ne mata ke tsinkar tafasa, yara ke yankan haki. Wanda ya fesa guba a wurin ya fesa ta a akushin mutane da yawa. Shi kansa gilaifoset ƙarfinsa ba dawwamamme ba ne, tun 1996 aka samu ciyawar da ta daina jin sa a Ostireliya, kuma daga lokacin ire-irenta sai ƙaruwa suke a duniya.

Abin da masana suka gano

Tunanin kashe haki da wani tsiro ya daɗe a cibiyoyin binciken ƙasar nan. Tun shekarun 1920 ma'aikatar gona ta Turawa ta yi ta gwada wani irin wake mai yaɗo a gonar gwaji ta Ibadan, ɗan'uwan ƙararar da muka sani amma shi ba ya ƙaiƙayi. Ya yi suna sosai a kudancin Jamhuriyar Benin daga 1987, lokacin da masanan cibiyar IITA suka ba wasu manoma ƙalilan na lardin Mono shi domin gyaran ƙasa, manoman kuma suka gano da kansu cewa yana shaƙe tofa, ciyawar da ta sa su barin gonaki. Kafin tsakiyar shekarun 1990 dubban manoma sun karɓe shi. Amma mu yi hattara da kwaikwayo. Can damina biyu suke samu a shekara, suna iya ba wannan wake guda. Mu tamu wata huɗu ce, kuma manominmu ba zai ba da ita ga abin da ba ya shiga tukunya ba.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne aikin da aka yi a Samaru da Shika da Kano. A shekarun 1980 masu binciken dabbobi sun gwada wa makiyaya a ƙasar Kaduna killace fili a shuka wata ciyawa dangin wake mai suna sitailo, wadda ke rufe ƙasa, ta ƙara mata ƙarfi, ta kuma zama abincin shanu da rani. A tashar IITA ta Kano, Dakta B. B. Singh da abokan aikinsa sun fitar da ire-iren wake masu ba da ƙwaya da harawa tare, suka kuma daidaita shukar layi biyu na hatsi da layi huɗu na wake. Game da wuta-wuta, an gano cewa ƙwayarta, wadda tsiro ɗaya ke zubar da dubun dubatarta kuma take iya fin shekara 10 a ƙasa, ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Saiwar auduga da gyaɗa da waken suya na fitar da irin wannan sinadari, sai ƙwayar ta ruɗu ta tsiro, ta rasa inda za ta kama, ta mutu. A saiwar auduga ma aka fara tace sinadarin a 1966. Ke nan lokacin da ƙasar Zamfara ke juya dawa da auduga da gyaɗa, tana share wuta-wuta daga gonakinta ba tare da an sayi komai ba, kuma durƙushewar noman auduga da gyaɗa na da hannu a yawaitar ta. Wake kuwa yana da tasa wuta-wutar dabam, shi ya sa aka fitar da iri masu jure mata kamar SAMPEA 10.

Wani abin sha'awa shi ne ciyayin da muka raina sun yi suna a waje. Gambar da aka ɗauka daga Shika an kai ta Kolombiya da Barazil, aka fitar da ita ga makiyayansu a 1980, ta zama ɗaya daga cikin ciyayin kiwo na can. A Ostireliya har yau da sunanta na Hausa ake kiran ta, amma da yake can ba mai saƙa zana ba mai yanka ta, sai ta gagara, ta riƙa haddasa gobarar daji mai tsanani, har gwamnati ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa a 2012. Tsiro ɗaya, a nan dukiya, a can annoba, bambancin kawai hannun da ke yanka shi. Ita kuwa jema, 'yar'uwarta ta Indiya ce Bankin Duniya ya riƙa yayatawa tun shekarun 1980 saboda saiwarta mai nutsewa tsaye har mita uku. Da ita ake ɗaure gaɓar manyan hanyoyi a Sin da Malesiya, da ita kuma aka ceto hanyar jirgin ƙasa ta Madagaska bayan guguwar shekarar 2000. A maƙwabtanmu na jihar Maraɗi, inda garmani ya mamaye burtali da makiyayai, hanyar da ake bi ita ce a tuge shi kafin ya yi 'ya'ya, a watsa irin ƙyasuwa da gamba a gurbinsa.

Halin da muke ciki

Tun da matsalar 'yan bindiga ta taso a Zamfara wajajen 2011, maganar hakin bakin hanya ta wuce batun tsabta. Yankin Faru ya ɗanɗana wannan masifa, musamman a harin watan Yulin 2021, kuma kowane direba ya san duhuwar da ta matso kwalta ita ce maɓoyar masu kwanton ɓauna. Wannan ya sa dole a yi wa tsarin kakanni gyara. Gamba na iya wuce tsayin mutum, don haka muhallinta iyakar gona ce can nesa da hanya. Abin da kafaɗar hanya ke bukata shi ne shimfiɗa gajera mai daɗewa, kuma muna da ita. Kiri-kiri na yaɗuwa da jijiya, yana jure tattaki da kiwo, kuma dasa shi ba ya wuce a sara shi gunduwa-gunduwa a binne a farkon damina. A bakin kwalbati da gangaren da ruwa ke yanka, jeri ɗaya ko biyu na jema da ake datsewa daidai gwiwa ya wadatar.

Akwai masu cewa a raba bakin hanya ga matasa su shuka wake ko gyaɗa, tunda gajeru ne kuma suna rufe ƙasa. Ba mu goyi bayan wannan ba a kan kafaɗar hanya kanta. Duk abin da aka shuka domin girbi ya zama gona, gona kuwa a kan hanyar da dabbobi ke bi ƙofar rigima ce, irin rigimar da ƙasar nan ta riga ta biya kuɗinta da tsada. Wake da gyaɗa su tsaya a layukan farko na gonakin da ke fuskantar hanya, a madadin dawa da gero masu tsayi, kafaɗar kuma a bar ta da ciyawar da kowace dabba za ta iya ci, domin kiwon kansa yanka ne.

Lokacin aikin shi ne ya fi komai. Tafasa da rai-ɗore da kashin-yawo duk da iri suke yaɗuwa, saboda haka yanka ɗaya a lokacin da suka fara fure, wajen ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, ya fi yanka uku bayan sun zubar da 'ya'ya. Abin da aka yanke a shimfiɗa shi a wurin ya danne na ƙasa, ko a kai ramin taki. Shekarar farko da ta biyu aikin zai yi nauyi saboda irin da ya taru a ƙasa, daga ta uku kiri-kiri ya fara riƙe wurinsa. Babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato ta Gwamnatin Tarayya ce, kuma tun 2002 akwai hukumar FERMA da aka kafa domin kula da irinta. Amma hanyoyin da ke kai mu kasuwa da asibiti da maƙabarta, masu unguwanni sun san gonar da kowane zangonsu ya taɓa, kuma a fadamun Gulbin Sakkwato da na Bobo har yanzu akwai jemar da za a iya tsagowa a dasa.